Farin Yadi Biyu a Igiyar Inna Fatsuma

A'a, ku dakata min nan. Duk sanda aka ce wani ya zauna a Makka sannan ya tattara ya koma ƙasarsu, sai ku hau taɓe baki, wai garin ne ya tofar da shi, wai ba shi da rabo. Wa ya gaya muku? Kuma har yau tsofaffin Tandabawi, unguwar Hausawa a Makka, da wannan bakin suke ambaton Lurwanu ɗan Jawa, mutumin da ko ƙasarsu ba su sani ba. Shi fa ba ɗan Jawa ba ne. Mutanen Makka ne duk wanda ya fito daga tsibiran gabas sai su ce Jawa, kamar yadda suka haɗa mu gaba ɗaya suka ce Takari. Daga Filifin ya fito, wani ƙauye a bakin tafkin Lanao. Sunansa Ridwan, bakin Hausawa ya mai da shi Lurwanu.

Yana saurayi ya rako mahaifinsa aikin hajji, gab da yaƙin duniya na biyu. Zafi ya kayar da tsohon a Mina, bai tashi ba. Kafin yaron ya gama kuka yaƙi ya toshe teku, babu jirgin komawa. Hausawan Tandabawi ne suka ba shi tabarma, suka ɗora masa sanda a kafaɗa da garwa biyu, ya zama ɗan garuwa. Kullum yana layi a bazan, wato inda unguwa take ɗibar ruwa, ya ɗauka ya hau tudu ya sauka. Mutumin da aka haifa inda ruwa yake zuwa har ƙofar ɗaki, ga shi yana sayar da shi garwa-garwa.

Abokin aikinsa Garba ba ya gajiya da tsokanarsa. “Kai ɗan kifi, a garinku wa ake sayar wa ruwa?”

“A garinmu in ka sayar da ruwa ɗaure ka za a yi, a ce ka haukace.”

“To ka gode wa Allah da Ya kawo ka garin masu hankali. Yalla, ɗauki!”

Bayan hajji aikinsu yakan ƙaru. Alhazai masu shirin tafiya sukan sayi farin yadi, a tsoma musu shi a ruwan Zamzam, a shanya ya bushe, su tafi da shi gida ya zama likkafaninsu. Lurwanu ya ɗauki wannan ruwan ba adadi. Amma 'yan unguwarsu ba sa yi. Wanda yake sa ran a binne shi a Makka, me zai yi da guzuri? Na matafiya ne.

Hausa ta zauna a bakinsa, har da kunya ya koya. Ya auri Rumasa'u, 'yar Inna Fatsuma mai gyaɗa. Ita Inna Fatsuma da ƙafa ta zo, ta Chadi da Sudan, tana tsintar auduga a hanya don abin da za a ci. A hanyar ta binne mijinta. Rumasa'u ce kaɗai ta rage mata, kuma kowa ya san burinta: ta mutu a nan, a kai ta maƙabartar Ma'ala, 'yarta na kusa.

Da yaƙi ya ƙare, jirage suka dawo. Wata shekara Lurwanu ya kai ruwa masaukin alhazai, sai ya ji yarensu. Ya tsaya da sanda a kafaɗa, ya kasa sauke ta. Wani dattijo a cikinsu ya san mahaifinsa. Ya ce uwarsa tana raye. Ya ce gonar shinkafarsu ciyawa ta cinye, kwalekwalen babansa ya ruɓe a bakin ruwa, tsohuwa kuma a hannun maƙwabta take ci.

Ya dawo gida ya gaya wa matarsa yana so ya koma, ya tayar da gonar, kuma ba zai tafi ba tare da ita ba.

Rumasa'u ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce, “In Inna ta ce je ki, ko a bayan kifi ne zan bi ka. In ba ta ce ba, ko zaure ba zan wuce ba.”

Kafin la'asar zance ya zaga unguwa. Garba ya tare shi a bazan, wannan karon ba dariya. “Ya shekh, mutane suna sayar da gonaki su zo nan, kai za ka bar nan ka je wa gona? Sannan ka ɗauke wa tsohuwa 'yarta guda? Ka ji tsoron Allah.”

Maganar ta shige shi, don shi ma ya gaya wa kansa ita. Tsofaffi biyu ne, teku a tsakaninsu, duk wadda ya zaɓa ya bar ɗaya ita kaɗai. Ga shi siriki ba ya jayayya da uwar matarsa, ko ido ba ya haɗawa da ita. Ya je ya durƙusa a bayan labulen ɗakinta, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin 'yan kalmomi, kansa a ƙasa.

Sai ƙarar ɓarar gyaɗa yake ji. Can ta ce, “Ɗan nan, da za ku taho, me uwarka ta ce maka?”

“Ta ce in kula da Baba, Inna. Ta ce mu yi ƙoƙari mu dawo kafin shuka.”

Ɓarar gyaɗar ta tsaya.

“Ni tawa dabino ta ce in taho mata da shi,” in ji Inna Fatsuma. “Ba ta da haƙori ma. Cewa ta yi za ta tsotsa.” Ta ci gaba da aikinta. “Tashi ka je, ana jiran ruwa.”

Shi ke nan. Ba e, ba a'a. Alhazai suka fara gangarawa Jidda, dattijon nan ya aiko masa cewa jirginsu ya kusa tashi. Lurwanu ya daina cin abincin kirki. Ya yanke a ransa cewa idan jirgin ya tafi, ba zai sake ta da zancen ba har abada.

Wata safiya Rumasa'u ta ce masa, “Inna ta ce ka kawo mata ruwa. Wai ba na bazan ba, na Zamzam.” Ya ɗauka ciwon ƙafarta ne ya motsa. Ya kawo, ya ajiye a ƙofa, ya koma aiki.

Da azahar ya dawo ya tarar da mata cirko-cirko a ƙofar gida, Garba ma yana nan, ya ajiye garwarsa a tsakiyar hanya. A kan igiyar shanya, farin yadi biyu ne suke ɗiga. Babu wanda ya buƙaci bayani a Tandabawi.

Wata maƙwabciya ta ce, “Fatsuma, 'yar taki guda? Wa zai rufe miki ido?”

“Ke mana, in ba ki riga ni ba,” in ji Inna. “Ni na samu inda zan kwanta. Waccan baiwar Allah ɗanta ta ba da aro, ba kyauta ba. Ku matsa, kuna tare min iska.”

Lurwanu ya durƙusa a inda yake, a rana. Ba ta dube shi ba. Ta dai ce wa 'yarta, yadda zai ji, “Ki gaya wa mijinki ya sayi dabino mai laushi.”

Sun tafi. Alhazan da suka zo daga can bayan wasu shekaru sun ce ya tayar da gonar, ya sassaƙa sabon kwalekwale, uwarsa a hannun Rumasa'u ta cika. Inna Fatsuma tana Ma'ala. Maƙwabciyar nan ce ta rufe mata ido. Ba ta sake ganin 'yarta ba, kuma ta san haka za a yi tun ranar da ta tsoma yadin.

To ku da kuke cewa garin ne ya kore shi, ku fito ku gaya min: wanda aka kora ake yi wa guzuri irin wannan? Kuma kowane gida a unguwannin Tandabawi da Zahir da Shisha yana da wani da ya koma, Kano ko Damagaram ko bayan teku, aka daina kiran sunansa kamar ya yi abin kunya. Wane ne naku? Ku rubuto sunansa a nan, da aikin da ya koma ya yi. Kada ku karanta ku wuce shiru.