Alhaji a Keken Guragu

A shekarar da soja suka koma bariki a karo na ƙarshe, kowa a Katsina ya zama ɗan majalisa. A gindin mai shayi ma sai an ɗaga hannu kafin a canza tashar rediyo. Ina koyarwa a wata sakandare a lokacin, kuma ina cikin wata ƙungiyar sa kai mai rassa a manyan garuruwan arewa. Aikinmu gyaran rijiyoyi ne da kai sabulu asibiti da makamantansu. A shekarar aka ce a garinmu za a yi babban taron shiyya, a wani zaure da ke cikin GRA.

Reshenmu na unguwar Gobarau ya zaɓi wakilai biyu: ni da wani Alhaji mai sayar da yadi, mutum mai jiki da fara'a, wanda ba ya jure a ce Kano ta fi Katsina ko da a zafin rana ne. An umarci kowane reshe ya zo da abin da zai nuna na aikinsa. Mu keken guragu muka saya, irin na turawa, domin wani dattijo gurgu mai gyaran takalmi a bakin masallacinmu. Muka shirya a nuna keken a taro, washegari a kai masa.

Da safe muka ɗora keken a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Mun shiga GRA ke nan motar ta yi tari ta mutu. Muka sauke keken muka kama tafiya. Alhaji kuwa sabon takalmi sau-ciki ya sa saboda taron, kuma tun daga gida takalmin yake cizonsa. Ba mu yi nisa ba ya tsaya gindin wani dalbejiya yana gumi.

Ya ce, "Malam, ƙafata ta ƙare. Ga kujera mai taya kana turawa ba kowa ciki. Mi zai hana in ɗan zauna?"

Na ce, "Alhaji, idan aka gan mu fa?"

"Kafin ƙofa zan sauka."

Ya zauna, ya cire takalman ya ɗora a cinya, ya ja babbar riga ya rufe ƙafafunsa. Na yi ta turawa ina haki. Sai dai ƙofar ta fi yadda muka zata kusa. Muna karya kwana muka faɗa tsakiyar 'yan tarbar baƙi, ga mai hoto, ga wani ɗan jarida da rikoda a hannu.

Wata Hajiya daga reshen Kano, wadda ke shugabantar mata, ita ta fara isowa. Ta dubi Alhaji, ta dafe ƙirji.

"Allah sarki! Wannan ne bawan Allahn da kuka taimaka wa? Sannu baba. Ya jiki?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Alhaji ya riga ni. Kunya ce ta kama shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, Hajiya."

Shi ke nan. Kafin in ankara an karɓe keken daga hannuna, samari sun ɗaga shi da Alhaji ciki sun haye matakala suna nishi. Aka ajiye shi a sahun gaba, dab da teburin manya. Ni aka nuna mini kujerata can baya, kusa da wadda aka tanadar wa wakilinmu na biyu. Mai rajista ya tambaye ni ina abokin tafiyata. Na ce yana kusa.

Shugaban shiyya, wani tsohon likita mai sarƙar muƙami a wuya da 'yar ƙararrawa a gabansa, ya ajiye jawabin da ya rubuta ya koma kan Alhaji. Ya ce kowa ya dubi wannan mutum, jiya yana jan jiki a ƙasa, yau ga shi cikin manya. Ya ce dubi ma rigar da reshen Gobarau ya ɗinka masa. Rigar nan shadda ce da Alhaji ya zaɓa da kansa daga shagonsa. Aka yi tafi, wasu mata suka share hawaye. Alhaji ya waiwayo yana nemana da ido, ni kuma na duƙufa kallon silin.

Daga nan aka shiga harkar taro, wato jefa ƙuri'a. An yi ƙuri'a a kan buɗe taga. An yi a kan ko mai magana zai tsaya ko zai zauna. Wani lauya daga Kaduna ya miƙe ya ce buga ƙararrawa ba tare da izinin zaure ba ɗabi'ar mulkin soja ce, aka yi ƙuri'a a kan ƙararrawar, ta sha da ƙyar. Duk wannan lokaci Hajiya na gefen Alhaji, tana miƙa masa lemo da cincin. Da aka kawo abinci ta kwashe naman farantinta ta juye masa. Ya ci, ban ga alamar ya sha wahalar ci ba.

Na lallaɓa na je na durƙusa kusa da shi kamar mai gyara taya.

Ya ce cikin raɗa, "Malam, lemon nan ya isa inda za shi. Ka fitar da ni."

Na kama keken zan juya, Hajiya ta riƙe hannuna. "Ina za ka kai shi? Yanzu za a yi hoto da manya." Na saki, na koma wurina.

Bayan hoto aka zo kan babbar magana: a wane gari za a kafa ofishin shiyya na dindindin, Kano ko Katsina. Nan zaure ya yamutse. Wani wakilin Kano ya ce ko sunan ofishin ba za mu iya faɗa daidai ba, ya kwaikwayi maganarmu, aka yi dariya. Na hango wuyan Alhaji yana kumbura. Shugaba ya ce ɗaga hannu ba zai yi ba, don an kama wasu suna ɗaga biyu. Masu son Kano su miƙe tsaye. Aka ƙirga. Masu son Katsina su miƙe. Aka ƙirga mu, aka sake ƙirgawa, aka ce kunnen doki. Shugaba ya ce tun da haka ne, shi zai raba gardama. Kowa kuwa ya san a Kano gidansa yake.

Sai muka ji murya daga sahun gaba: "Wallahi ba a ƙirga ni ba!"

Alhaji ne tsaye ƙiƙam a kan ƙafafunsa, cikin safa, takalma sun zube ƙasa. Wani dattijo daga Sakkwato ya yi kabbara da ƙarfi, wasu suka amsa masa. Mai hoto ya haye kujera. Hajiya ta dube shi daga hula har safa, ta ce, "Baba, dama kana tafiya?"

"Takalmi ne, Hajiya. Takalmi ya cije ni."

"To ina namana?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Shugaba yana buga ƙararrawa, shi ma kafaɗunsa na rawa. Lauyan Kaduna ya miƙe ya ce wanda aka taimaka wa ba shi da ƙuri'a. Alhaji ya zaro bajon wakili daga aljihu ya ɗaga sama. Lauya ya ce to a yi ƙuri'a a kan ko mutum ɗaya zai iya zama wakili kuma abin tausayi a rana guda. Aka amince za a yi. Amma kafin a fara ƙirga Alhaji ya nufi bayi da sauri irin wanda ban san yana da shi ba, aka rasa ƙuri'arsa, muka faɗi. Ofis ya tafi Kano.

Washegari muka kai wa mai gyaran takalmi kekensa. Ya zagaya fili da shi yana murna, ya yi mana addu'a mai tsawo.

Abin da ba mu sani ba, ɗan jaridar nan ya san Alhaji da shagonsa, kuma tun kafin azahar ya bar zauren. Da yamma rediyo ya ba da labarin wani Alhaji mai yadi daga Gobarau da ya rasa ƙafafunsa, ƙungiya ta share masa hawaye. Kwana da kwanaki gidansa bai rabu da masu dubiya ba. 'Yan'uwan matarsa suka cika mota daga Batagarawa, da fura da kaji. Duk wanda ya yi sallama sai Alhaji ya fito ya yi masa tafiya a zaure, gaba da baya, ya ɗan yi tsalle. Wata gwaggonsa ta gani da idonta, ta ce duk da haka ya riƙa hutawa, ta bar masa man zafi ta tafi.