Alwalar Ramlatu a Gindin Dutse

To, ita Ramlatu ɗiyar Malam Barmo ce, mai haƙar rijiya a Dawakin Tofa. Tun tana ƙarama take zama bakin rami tana kallonsa. In ya iske dutse ba ya sara, sai ya watsa masa ruwa ya shafa da tafi, ya ce sai ya jiƙe ake ganin jijiyarsa.

Allah Ya kai ta Guangzhou ta ƙasar Sin karatun duwatsu. Sinanci ya ƙi zama a bakinta, ta faɗi jarrabawa biyu. Aka ce in ta faɗi ta uku, sai gida. Hasiya, wadda suke ɗaki ɗaya a unguwar Dengfeng, har tsiya take mata: "'Yar mai rijiya, fara ɗaure kaya."

Ramlatu ta ce, "Ke dai ci shinkafarki."

Ta ukun ba a aji aka yi ba. Malaminsu, wani dattijo ɗan Sin, ya kwashe su zuwa gandun daji na gwamnati, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, tsawonsa sai ka dafe hula. Ya ce kowa ya nemo shaidar abin da ya tsayar da dutsen nan kamar bango.

'Yan aji suka bazu da guduma. Ita ba ta samu komai ba har azahar. Ta koma gefe ta yi alwala, ruwan ya gangara kan dutse, hannunta ya shafa irin na ubanta. Sai ga zane-zane sun fito, duk daga sama zuwa ƙasa.

Sai da ta idar da sallarta ta kira malamin. Sinanci ya ƙare mata, ta haɗa tafukanta, ta zame ɗaya ƙasa. Wato ƙasa ce ta tsage da ikon Allah, ɓangare ya nutse yana gugar ɗan'uwansa, kogi ya zo ya rasa hanya, ya faɗo.

Dattijon ya durƙusa yana shafawa. Ya ce, "Wa ya koya miki jiƙa dutse?"

"Babana."

"A wace jami'a yake?"

"Cikin rami yake."

Ya yi dariya, ya tara 'yan aji duka, ya ce ta sake nunawa. Ta ci jarrabawar, alhamdu lillahi.

Da aka gaya wa Malam Barmo, sai ya ce, "Yanzu don wannan aka hau jirgi?" Amma ranar har kasuwa ya je yana ba da labari.