Na Kai Wa Malam Tursun Allinsa

Kano zuwa Jidda

Ana kiran assalatu na bar gida a Gyaɗi-Gyaɗi da jaka ɗaya da ƙaramin kwalin alli. A filin jirgi jami'in bincike ya buɗe kwalin, ya shinshina.

"Baba, a Makka ma darasi za ka bayar?"

"Aike ne," na ce.

Tsohon aike ne. Ina saurayi aka tura ni Tashkan, babban birnin Uzbekawa, karatun injiniya, lokacin Tarayyar Sobiyet, kuma Malam Tursun ne ya koya mini Rashanci. A wancan zamani ɗalibin da aka gani a masallaci yana iya rasa gurbinsa. Amma duk Juma'a da rana sai ya dube ni ya ce, "Sani, alli ya ƙare, je ka nemo." Alhali ga alli nan a gabansa. Sai in je in yi sallata in dawo hannu wofi, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Bana 'yarsa Gulnora ta nemo ni ta zauren tsofaffin ɗalibai a waya, ta ce za ta kawo shi Umra.

Jirgi ya ɗauki kusan awa biyar. Mun yi harama kafin mu sauka.

Jidda zuwa Aziziyya

Abdurrahman, ɗan ƙanwata Saude, ya tarye ni. A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife shi, da aka yi rusau suka koma Aziziyya. Hausarsa rabi Larabci ce.

"Yalla ya Kawu, ummi ta yi tuwo tun safe. Ta ce idan ya huce ni ne mas'ul, laifina ne."

A shingen Shumaisi na shiga Makka suka duba takarduna muka wuce. Na ci tuwon, na yi Umrata bayan la'asar, na kwana a gidan Saude.

Masaukin Uzbekawa

Washegari da hantsi Abdurrahman ya sauke ni a masaukin su Malam Tursun. Gulnora ta tare ni a ƙasa, mace mai kimanin shekara hamsin, fuskarta duk damuwa. Muka gaisa da Rashanci.

"Kawu Sani, kwana uku ke nan Baba yana sanye da harami, ya ƙi zuwa ɗawafi. Jibi ayarinmu zai wuce Madina."

Ta ce yana barci, sai muka zauna ta zuba mini koren shayi da gurasarsu mai faɗi. Ita ma malama ce, a wata makarantar ƙauye. Tana koyar da ajin safe, ta sake ɗaukar wani da rana, domin malamai maza da yawa sun tafi Rasha aikin gini. Ta yi karatu da baƙaƙen Rashanci, yanzu yaranta da na boko ake koya musu, iyaye sun kasa duba musu aikin gida. Amma ta ce an daina kwashe su da ɗalibai zuwa tsinkar auduga, wannan kam sun gode. Na ce mata a wurinmu ba Rasha malami yake tafiya ba, acaɓa yake hawa bayan an tashi. Na zaga Masar da Faransa da Indiya, ban ga inda malami ya ƙoshi ba, sai dai a ƙasar su Gulnora na ga yara suna kai masa furanni ranar komawa makaranta.

Da ya farka muka shiga. Ya tsufa ƙwarai, yana zaune a bakin gado da haraminsa. Na tsaya a miƙe kamar yadda ɗalibansu ke yi wa malami, na kira shi da sunansa haɗe da na mahaifinsa, sannan na miƙa masa kwalin. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Sani," ya ce, "ka daɗe a hanya."

"Layi ne a kantin, Malam."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce:

"Ba zan iya ba. Shekaru ana ba ni takarda in karanta wa yara cewa addini tatsuniya ne, kuma na karanta. Fatiha ma a tsufa na koya, a karkace. Da wace fuska zan tsaya a gaban Ɗakinsa?"

"Malam, wa ya tura ni Juma'a?"

"Kana damuna da mutsu-mutsu ne a aji."

"To shekara guda cur ina mutsu-mutsu. Wanda ya buɗe wa mutum hanyar salla yana da rabo a cikinta. Addu'a kuwa, yadda ka yi mini zan yi maka. In faɗa, ka maimaita."

Ya dubi 'yarsa, ya dubi allin. "Kawo keken guragun," ya ce mata.

Harami

Muka hau bene inda masu keke suke ɗawafi. Ni ke turawa, Gulnora tana gefe da ruwa. Nakan sunkuya kusa da kunnensa in faɗi kalma, ya maimaita. Inda harafi ya gagare shi sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A sake," da muryar nan ta aji. A zagaye na biyar na gaji, Gulnora ta karɓe ni, na ci gaba da biya masa. Da muka gama Safa da Marwa wani wanzami ɗan Sakkwato ya aske masa kai.

A mota ya ba 'yarsa kwalin, ya ce ta kai ajinta. Ya zare guda ɗaya ya sa a tafina.

"Wannan naka ne. Kada ka sake cewa an aike ka."

Komawa gida

Na ƙara kwana huɗu wurin Saude, sannan na kamo hanya, na iso Kano ana sallar magariba. Ina godiya ga Allah da Ya ara mana rai har muka haɗu, da Saude da ɗanta da suka yi ɗawainiya da ni, da Gulnora da ba ta gaji da nemana ba. Jiya ta aiko mini hoton allon ajinta, an rubuta sunana a kai da farin alli, yara suna tsaye a miƙe. Nawa allin yana cikin aljihun rigar da nake zuwa Juma'a da ita.