Giɓin Kawu Sale da Kwanson Harsashi

Jos

Ƙarfe shida saura kwata muka bar Gangare, ni da Kawu Sale, tsohon maharbi mai giɓi biyu a gaba. A aljihunsa akwai kwanson harsashi na tagulla, ya fi ɗan yatsa tsawo, a ciki yake zuba kwalli. Shekara arba'in yana cewa da shi ya kashe ɓauna, 'yan majalisarsu kuwa sun dage tsintarsa ya yi. Abin ya ci masa rai har ya daina fita. Shi ya sa muka nufi Pankshin wurin Baba Istifanus, tsohon ma'aikacin gandun daji wanda ya ara masa bindigar ranar farautar.

Mangu

Bakwai da rabi soja ya tsayar da mu a shinge, ya laluba Kawu, ya zaro kwanson. Kawu kuwa ya cire toshiyar, ya rangaɗa kwalli a gabansa. Sojan ya jinjina abin a tafinsa, ya ce, "Baba, wannan na giwa ne ko na jirgi?" Ya mayar masa. Muka karya da ƙosai da kunu.

Pankshin

Tara da minti goma muka samu Baba Istifanus a gindin mangwaro. Ya karɓi kwanson ya nuna mini ɗamarar da ke gindin kwanson da ƙaton cikinsa. Ya ce albarushin da yake ci ya ninka na ƙananan harsasai, shi ya sa yake tafiya nesa a miƙe, kuma yadda yake dukan gaba haka yake dukan baya. Dole a manna gindin bindigar a kafaɗa. Kawu kuwa ya saba da bindigar adaka, wadda maharba ke riƙewa nesa da fuska don tsoron fashewa, haka ya riƙe wannan.

"Shi ya harba, ni shaida ne," in ji Baba. "Bindiga ya dawo ya kwashe masa haƙori biyu."

Kawu ya washe giɓinsa, idonsa ya cika da ƙwalla. Tausayinsa ya kama ni. Sai bakina ya ja ni na tambayi labarin ɓaunar. Baba ya ce ta juyo ta dube su, ta ci gaba da kiwonta. Wata bishiyar kuka ce can nesa ta sha harbin.

Komawa

A mota da muka wuce Mararraba, Kawu ya ce idan an tambaye ni in tsaya a kan haƙora. Mun iso Gangare da la'asar, mun gode Allah. Majalisa ta taso mini, na rantse shi ya harba, ga giɓi nan shaida. Wani ya ce to ɓaunar fa?

Na ce har yau ba wanda ya sake ganinta. Kawu ya gyara zama a tsakiyar tabarma, ya aika a kawo shayi.