Inda Taru Ya Sarƙe

Evert Bokhorst yana ɗan shekara ashirin da ɗaya aka janye teku daga ƙofar gidansu. An ja ganuwa ta kewaye ruwan da kakanninsa suka yi su a cikinsa, aka kunna injuna suna zuƙa wata da watanni, har mutanen Elburg suka wayi gari suna hangen laka shimfiɗe inda da igiyar ruwa ke wasa. Mahaifinsa, Harm, bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Ya bar masa jirgin su wanda ba shi da wurin zuwa, da wani ɗan littafi mai baƙin bango da danshi ya ci.

Kowane masunci yana da irin littafin nan. A ciki yake rubuta wuraren da taru ke sarƙewa a ƙasan ruwa, don kada ya sake yaga shi. Babu taswira. In daga kan ruwa ka hango hasumiyar coci ta hau kan dogon injin niƙa mai aiki da iska, fitilar gaɓa ta shiga tsakanin bishiya biyu, to inda layukan suka haɗu, nan ne. A shekarun yaƙi shafukan Harm suka cika, domin jiragen saman da ke zuwa Jamus ta kan ruwan nan suke bi, kuma ba duka ke komawa gida ba.

Evert ya sami aikin binne bututun tsane ruwa a sabuwar ƙasar. Wata safiya shebur ɗinsa ya daki ƙarfe, ya tono fiffiken farfelar jirgin sama a lanƙwashe. Ya ɗaga kai, sai ga hasumiya a kan injin niƙa, daidai yadda tsohon ya rubuta. Ruwa ya tafi, amma hasumiyoyi suna nan inda aka bar su.

Tun daga ranar bai sake zama mutumin da ake gayyata biki a ji daɗinsa ba. Ranar hutu yakan hau keke ya shiga gonakin dankali da littafin a aljihu. In ya sami lamba a jikin ƙarfe, sai a fara wasiƙu: wane jirgi ne, daga ina ya tashi, su wa ke ciki. Matarsa Dirkje ce ke rubutawa, don ta taɓa aikin otal ta iya Ingilishi.

"Kai da matattunka," takan ce. "Ni da rai na a gidan nan ba a taɓa rubuto mini ko layi biyu ba."

"Ai ke ban ɓatar da ke ba."

"Ka dai kusa, tsoho."

Ba su haihu ba. Ɗakin da suka tanada wa yara ya cika da akwatunan takardu, kowane jirgi da nasa. A shekara arba'in ya gano jirage tara, an tono samari goma sha shida an yi musu kabari da suna.

Akwati ɗaya ne ya ƙi rufuwa. Na wani jirgin sama ne mai mutum bakwai da ya faɗi a bazarar 1943. Ruwa ya kawo huɗu gaɓa aka binne su, uku suka tafi da jirgin. A cikin ukun akwai Colin Tasker, kuma ƙanwarsa Maureen tana rubuto wa Evert duk shekara daga wani gari a arewacin Ingila. Shekararta goma sha uku lokacin da ya tafi. Ba ta neman komai sai a nuna mata inda zai kwanta, ta tsaya a kansa sau ɗaya kafin ƙafafunta su ƙi.

Alamar da Harm ya rubuta a makon faɗuwar jirgin ta sauka a gonar wani manomi mai taurin kai, wanda ya hana a taɓa masa ƙasa. Sai da ya mutu ɗansa ya yarda. A kakar 2004 aka tono inji ɗaya, lambarsa ta yi daidai. Evert bai jira an gama ba. A tsaye ya sa Dirkje ta rubuta: mun same shi, ki zo.

Masu tono suka yi mako uku. Inji, guntun fiffike, laka. Babu gangar jirgi, babu ƙashi ko ɗaya. Maureen kuwa ta riga ta sayi tikiti.

Mutum ɗaya ya rage a cikin waɗanda suka yi su tare da Harm, Teunis, yana gidan tsofaffi. Evert ya kai masa kyafaffen kifi a takarda, ya buɗe masa shafin.

"Kawu Teunis, alamar nan daidai take?"

"Ubanka bai taɓa kuskure alama ba. Kai ne dai ka tashi ba ka san ruwa ba, sai haƙa kamar gafiya."

"To ina jirgin?"

Teunis ya daɗe yana cire ƙaya daga kifin.

"Me ka ga an ja a ƙarƙashin rubutun?"

"Layi biyu. Na ɗauka don ya nuna wurin da haɗari ne."

"Haɗari! Layi biyu, an share ke nan. Kowa ya san wannan."

Kowa na wancan zamani, yake nufi. In abu ya sarƙe a wurin da kifi ke taruwa, masunta ba sa barinsa. Sukan haɗa jirage, su ɗaura masa sarƙa, su ja shi zuwa inda ba ya damun kowa. Shekara huɗu bayan faɗuwar, jiragen masunta huɗu suka ja wannan yini guda. Inji ya ɓalle a wurin, sauran ya biyo su. Suka sake shi can nesa a ruwan da ba a su, wanda daga baya ganuwa ta bi ta kansa.

"Kun san da mutane a ciki?"

"Da ya taso sau ɗaya, gefensa a buɗe yake. Ubanka ne a kusa." Teunis ya goge yatsunsa a takardar. "Ya cire hula. Dukanmu muka cire. Sannan muka ci gaba da ja. Kada ka dube ni haka, ɗan Harm. Taru uku abin ya cinye wa gidanku. Kai da kake ta tsalle a gaɓa kana jiran kifi, me za a ba ka?"

Evert ya tura kekensa har gida bai hau ba. Ganuwa ba gona ba ce. Bayanta akwai garuruwa da dubban mutane suna barci a ƙasar da ruwan ya fi ta tsayi, babu hukumar da za ta yarda a fasa ta saboda ƙasusuwan mutum uku.

"Ka ce mata kawai ba a samu ba," in ji Dirkje. "Ai ba ƙarya ba ne. Ta ajiye furenta a gonar ta koma da kwanciyar rai."

"A kan inji za ta tsaya ta yi kuka?"

"A kan abin da ubanka ya yi kake so ta yi?"



Maureen ta iso da sanda a hannu, 'yar ƙaramar mace cikin koren kwat. Ta rungume Dirkje, ta riƙe hannun Evert da hannu biyu ta ƙi saki. Suka sa ta a mota. Da suka zo mararrabar gonar, Evert bai juya ba. Ya miƙe har kan ganuwa, ya tsaya inda Teunis ya kwatanta, ya kashe mota. Iska tana kaɗa ciyawa. Ta hagu ruwa toka-toka, ta dama gonaki a ƙasa, manyan motoci suna wucewa ta tsakiya.

"Faɗa mata," ya ce. "Duka. Har da hular."

Dirkje ta dube shi, sannan ta fara. Ba ya jin yaren sosai, amma ya ji sunan Harm ya fito sau biyu, ya san ba ta rage ba.

Maureen ta saurara har ƙarshe. Ta yi tambaya ɗaya.

"Wai nan ne daidai?" in ji Dirkje.

"Tsakanin waccan alamar hanya da wannan. Taku ɗari uku. Fiye da haka ba wanda ya sani."

Maureen ba ta sake dubansa ba. Ta miƙa wa Dirkje jakarta, ta gangara gefen kwalta, ta fara tafiya daga alamar farko, tana dogara sanda, a hankali, kanta a sunkuye. Dirkje ta yunƙura za ta bi ta, Evert ya riƙe mata hannun riga. Suka tsaya jikin mota suna kallon koren kwat yana ƙanƙancewa. Da ta kai alama ta biyu ta ɗan huta, ta juyo, ta sake takawa tun daga can.

Ba ta sake rubuto wasiƙa ba. Evert ya rayu shekara shida bayan haka, bai ƙara shiga gonar kowa ba.