Ranar da Muka Hau da Mama Tudu

Filin da Baba ya bar mana a hanyar Dabai suna kawai ya tara, gangare ne, ga wani ƙaton dutse zaune a tsakiya kamar shi aka bar wa gadon. Mama kuwa ta kafe. Ta gaji da gidan haya a cikin Zuru, a ƙasar mijinta take so ta ƙarasa kwanakinta. Shekaru sun ja, mu ma mun san ba ta da lokacin jira.

Magini ya ce sai an fasa dutsen. Kwana uku muna hura masa wuta da itace da tsofaffin tayoyi, mu kwara masa ruwan sanyi. Yayana, tsohon soja, yana tsaye yana daka wa dutse tsawa. Wallahi abin da ya ɓalle bai kai faifai ba! Mu kuwa mun yi baƙi ƙirin, sai haƙora. Na yi dariya har na zauna cikin toka.

Sai 'yar yayan nawa, wadda ta karanto zanen gidaje, ta ce, "Gwaggo, ku ƙyale shi mana. Shi ne bangon falo."

Ta zana gida hawa-hawa yana bin gangaren, kicin a ƙasa, falo a jikin dutse, ɗakunan kwana can sama inda iska take. Ta fitar da kwata ta gefe don ruwan damina ya wuce abinsa. Da ginin ya tashi, masu babur har tsayawa suke yi suna kallo, ni ko kaina ya kumbura.

Ranar tarewa muka kawo Mama. Ta tsaya a gindin matakala, ta dube ta, ta dubi gwiwoyinta. Kai! Da mai digiri, da soja, da ni uwar surutu, ba wanda ya tuna tsohuwa ba ta iya hawa. Kunya ta kama ni.

Ɗaya daga matan cocinmu da suka zo taya mu tarewa ta jawo kujerar roba. "Mama, zauna, yau ke ce amarya!" Suka cicciɓe ta sama, ana guɗa, ana buga tulu, tana ihu, "Za ku kashe ni, ja'irai!" tana dariya har da hawaye.

Da suka sauke ta a falo, jikar tata mai zanen ta durƙusa. "Kaka, ki yi haƙuri, gobe zan sa a yi hanya marar matakala."

Mama ta dafa kanta. "Yi wa masu sauka. Ni na iso."