Birkin Baba Shaibu Ya Kama

Innalillahi. Sai yanzu na samu na zauna ina wannan rubutu.

Da safen nan mun kayar da wani bijimi zan yi masa allura, sai waya ta shigo. Wata murya da ban sani ba ta ce, "Kai ne mai Alfadari? To ka taho maza, ya gamu da kamiyo, babbar motar kaya, bisa kwalta, hanyar Sabon Maci." Kafin in buɗe baki layin ya yanke.

Alfadari sunan motona ne, wato babur ɗina. Ƙanena Habu ne a kansa, ya goyo Innarmu zai kai ta barkar haihuwa.

Bari in faɗa tun yanzu kada in tayar muku da hankali: suna raye, su biyun. Alhamdu lillahi.

Amma a lokacin ban sani ba. Na kira Habu, wayarsa a kashe. Ban san sa'ad da na jefar da allurar ba, ban ma san bayan wa na hau ba. Ina tafe ina tunanin da wane baki zan gaya wa 'yan'uwa cewa motona ne ya kashe uwarmu.

Da na isa na tarar da Inna zaune a gindin itacen bedi, ana ba ta ruwa, tana faɗa wai an zubar mata da goron barka. Habu ya ɗan kuje gwiwa. Kamiyon wake ne ya fito daga gona da baya, ya tare kwalta gaba ɗaya. Habu ya taka birki, ya damƙe na hannu. Moto ya ja ƙasa ya tsaya, sannan ya kwanta da su a hankali. Na je na duba da idona. Tsakanin tayar gaba da ƙarfen kamiyon, da ƙyar tafin hannuna ya shiga.

Nan na zauna a ƙasa na yi kuka, ba kunya. Kuma mutum guda ne ya faɗo mini a rai: marigayi Baba Shaibu makaniki, wanda ya rasu bayan kakar da ta wuce.

Waɗanda ba su san Alfadari ba, ga tarihinsa. Tsohon moto ne irin na wasan hawan duwatsu, asalinsa ko wurin zama ba shi da shi, a tsaye ake tuƙa shi. Daga bakin teku ya zo, hannu ya bi hannu har Dakoro. Kowa ya mallake shi sai ya ƙara nasa: wannan ya yi masa waldar doguwar kujera, wancan ya ɗora tankin wani moto, wani ya liƙa fitila kamar ta mafarauta. Ba doki ba, ba jaki ba. Amma a rairayin Bader Goula ba abin da ke kamo ƙafarsa, shi ya sa na saye shi don zagayen rugage.

Birki kuwa babu. Na gaba an cire masa waya da gangan. Na baya tsatsa ta cinye shi, in ka taka sai ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, moto kuma yana ta tafiyarsa.

Kada wanda ya yi mini dariya, duk kun san halinmu. Mu nan cewa muke rairayi ne birki. Ka saki wuta, ka ja ƙafa, yashi ya tsayar da kai. Har tsoron birkin gaba muke, wai yana kayar da mutum.

Ranar da na fara kai shi garejin Baba Shaibu, buji, wato filogi, kawai na je a canza mini. Baba Shaibu ya zagaya moton, ya taka birki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Likitan awaki, wanga abu da mi yake tsayawa?"

Na ce da ikon Allah, Baba.

"Allah ya ba ka hankali kuma, ina ka aje shi?"

Na tafi sallah na dawo, na tarar ya kwance tayar gaba ya rataye ta can saman bedin garejinsa. Na yi magiya, na ce gobe kasuwa, makiyaya na jirana. Na yi fushi. Ya zuba mini shayi ya ce, "Ni ba ni gyara gudu sai na gyara tsayuwa. In kana sauri, ga itace nan, hau ka ɗauko."

Wallahi mutumin nan akwai taurin kai, ga faɗa. Ko a ƙofar masallaci ya ga moto a jingine sai ya taka birkinsa, ya jira mai shi a fito. Har suna aka sa masa, Taka-mu-gani. Amma shi ne kuma wanda in injin niƙan unguwa ya lalace zai bar aikinsa ya je, don kada mata su kwana da hatsi a kwarya.

A gabana ya yi aikin. Kwanon birkin baya ya kafe, sai da ya sha man gazuwal ya kwana, aka yi ta bugu a hankali kafin ya saki. Cikinsa ja wur, tsatsa na zuba kamar garin barkono. Ya kankare, ya goge da takarda mai kaushi har ya yi haske. Fatar birki irin tasa babu ita a garin, sai ya samo ta wani moto ya yi ta gurzawa har ta zauna daidai. Ya ja sabuwar waya gaba. Sannan ya kai ni bakin kwalta ya sa na yi ta gudu ina tsayawa, yana tsaye da hannu a ƙugu yana yi mini tsawa.

"Rairayi ya san ka," in ji shi. "Kwalta ba ta san kowa ba."

Ganinmu na ƙarshe, damina ta ɗauke, ciwo ya riga ya kama shi. Ƙafafunsa sun kumbura, yana zaune kan tabarma a ƙofar gida. Gaisuwa kawai na tsaya yi. Da na taka birki ya ji ɗan kuka a ciki, sai ya ɗaga kai.

"Ka shiga ruwa da shi, ko?"

Na ce tabkuna ne, Baba, ba yadda zan yi. Na ce ya huta, zan kai wa wani.

"Jawo shi nan."

A zaune ya buɗe shi, makulli na suɓuce masa yana sake ɗauka. Ya wanke, ya shafa mai inda ake shafawa, ya ɗaure. Ya ce, "Ba don kai ba ne. Don wanda za ka goya ne."

Ban sake ganinsa ba sai a makara. Tun ranar kuma ba wanda ya taɓa birkin nan.

Ɗazu da muka dawo gida na ba Inna wannan labari. Ta ce, "Ashe mutum na kwance cikin kabari hannunshi na aiki." Ta sa an tsince goron da ya rage an wanke. Ta ce barka ta jira, gidan Baba Shaibu za a fara kai ta. Yanzu haka tana can wurin iyalinsa, kuma da ƙafa ta tafi, ta rantse ita da Alfadari har abada.

Ya Allah, yadda bawanka Shaibu ya tare mana wannan masifa da hannunsa, ka tare masa azabar kabari. Ka yafe masa, ka haskaka makwancinsa, ka rufa wa iyalinsa asiri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko bai san shi ba. In kuma kana da moto, kafin ka hau gobe, taka mu gani.